Tafireta da Masu Aron Hanya

Tafireta muke ce mata, tun zamanin da ofishin sashenmu ke da keken rubutu mai ƙara kamar ana dukan ƙarfe. Keken ya daɗe da tafiya, an kawo kwamfuta, ita ma an canza ta an sake canzawa, amma sunan ya zauna daram. Ita tana ce mini Kawu, sauran ma'aikatan kwalejin su ce Kawu Tsani, don ba a ganina sai da tsani a kafaɗa. Aikina jan kebul ne. In shiga silin, in fito da yana a gashi, in haɗa wannan ofis da wancan. Masu yawan magana sun gajiyar da ni tuntuni, saboda haka abin da na gani kawai zan faɗa.

Ubanta direban bas ne, irin motar da ke zagaya gari ta dawo inda ta tashi. Uwarta ta rasu tana ƙarama, babu mai riƙe ta da rana, sai uban ya riƙa ɗora ta a kujerar da ke bayansa. Haka ta tashi, goshi a jikin gilashi. Shagon mai gyaran agogo ya wuce, gadar jirgi ta wuce, asibiti ya wuce, can kuma sai ga mai gyaran agogo ya sake zuwa, yana nan a sunkuye yadda ta bar shi. Ta taɓa gaya mini cewa har ta shiga makaranta tana zaton garin ne ke juyawa, motar a tsaye take. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne fasinjan da barci ya kwashe har ya wuce tasharsa. Uban ba ya tashin kowa. Yakan ce a bar shi, ai za a sake zuwa. Wani lokacin a sake zuwa, mutumin bai farka ba, a sake wucewa da shi.

Da ta girma ta koyi buga rubutu, ta samu aiki a wurinmu, ta auri wani tela mai shago a bakin titi, ta haihu, ta raini 'ya'ya har ta aurar da babbar. Hannunta na da sauri kuma ba ta cika kuskure ba. Amma tana da wata ɗabi'a da ke ba shugabanni haushi. Tana cikin bugawa sai yatsun su tsaya cak a sama, idon ya tafi taga, ko fankar da ke juyawa, ko wani tabo a bango. Sai an kira ta an sake kira.

"Ina kika je kuma?" na tambaye ta wata rana.

"Ina nan, Kawu. Wannan takardar nake tunani. In na danna, ta ina take bi ta isa firinta?"

"Ta silin. Ta kan kashin ɓera."

"Ita kaɗai, a cikin duhu?"

Na saɓa tsanina na wuce. Irin wannan tambayar ba ta da amsa a wurin mai aiki.

Dole in yi bayanin aron hanya, don wanda bai san shi ba ba zai gane sauran ba. Kowane ofis a gininmu yana da akwati a bango. Kwamfutocin ofishin suna haɗuwa a cikinsa, shi kuma ya miƙa saƙonsu ga akwatin maƙwabta, har ya isa inda za shi. Ba akwatunan kanti ba ne. Tsofaffin kwamfutoci ne da wasu ɗalibai suka gyara shekarun baya, suka ƙara musu ramukan kebul. Suna aiki, amma ba su da wayo. Duk saƙon da ba su san mai shi ba, sai su tura shi ta kowace ƙofa, wai ko wani ya sani.

Wata shekara ɓeraye suka cinye babban kebul, rabin ginin ya zauna babu layi. Shugaban wancan lokacin ya ba da umarni a ja wa kowane ofis kebul na biyu ta wata hanya daban, a bar bakinsa yana rataye kusa da akwati. Ko-ta-kwana ke nan. Dokar ita ce ba a soka shi sai na farkon ya mutu murus. Shugaban ya yi ritaya, dokar ta bi shi gida. Mutane suka fara sokawa da zarar layi ya yi nauyi. Daga nan abin ya zama zumunci. Ka ji maƙwabcinka yana tsaki yana dukan teburi, sai ka leƙa ka ce, "Layin ne? Bari in ara maka hanya," ka koma ka soka naka. Wanda bai ara ba marowaci ne. Akanta da mutanen ofishin jarrabawa sun taɓa daina gaisawa a kan haka.

To, hanya biyu a tsakanin akwatuna marasa wayo zobe ne. Saƙo ya fita ta nan ya dawo ta can, akwatin bai gane shi ba, ya sake tura shi, kuma kowane zagaye sai ya haihu. Kafin ka kurɓi shayi ginin ya cika da saƙo ɗaya da 'ya'yansa da jikokinsa, komai ya tsaya. Sai a nemo Kawu Tsani. In bi ofis-ofis ina zarewa. Na faɗa, na sake faɗa, har na gaji na daina. Amsar kowa ɗaya ce: "Ai kafin in soka ya riga ya yi nauyi." Kuma gaskiya suke faɗa. Ba ka iya fahimtar da mutum cewa alherinsa ne ya ƙarasa layin.

Bayan ta aurar da 'yarta gidan ya yi mata faɗi, sai Tafireta ta shiga karatun difloma ta kwamfuta a sashen da take wa aiki, ajin ma'aikata na ƙarshen mako. Yawancin 'yan ajin sa'o'in 'ya'yanta ne, Mama suke ce mata. Ta lallaɓa ta ci darussan ɗaya bayan ɗaya, saura aikin kammalawa. Kafin ɗalibi ya fara wannan aikin sai ya rubuta takarda ya faɗi abin da yake so ya gina, ya tsaya gaban kwamiti ya kare ta. Furofosal suke ce mata.

Ta farko da ta kai, manhaja ce da za ta gane in mai karatu ya gaji, ta rage masa hasken allo. Aka dawo mata da ita. Ta biyu, wani wuri ne da kalmomin da aka goge za su riƙa taruwa, ko mai su zai yi kewarsu wata rana. Shugaban kwamitin, Dakta, mutum ne mai kirki. Yana ɗalibi ita ta buga masa sakamakonsa, shi ya sa har yau Anti yake ce mata. Ya kira ta ofis ya ce, "Anti, wannan mafarki ne mai kyau, amma ba aiki ba ne." Ƙa'idar makaranta kuma ba ta san Anti ba. Dama ɗaya ta rage mata. In aka ƙi ta gaba, a cire sunanta, shekarun da ta yi tana zama a aji da yara su tafi a banza.

Ana cikin haka wata rana da la'asar layi ya faɗi. Ina kan tsani a baranda, na buɗe akwatin da ke saman ƙofar ɗakin taro. Rana ta shigo a karkace, ƙurar silin na yawo a cikinta a hankali. Na duba ƙasa sai na gan ta a tsaye, fayil a ƙirji, ta ɗaga kai tana kallon fitilun akwatin. Ƙananan fitilu ne kore. In lafiya ake suna ƙyaftawa kamar idanu. Ranar sun ƙafe.

"Kawu, me ya sa yau ba sa ƙyaftawa?"

"Sun cika. Riƙe mini tsanin."

"Da me suka cika?"

"Da saƙo ɗaya. Wani ya nemi firinta, saƙon yana ta zagaya ginin."

"Har yanzu yana ciki?"

"Har sai na zare abin da zan zare."

"In ka zare, ina zai je?"

"Ya mutu. Tafireta, ba da baki ake riƙe tsani ba."

Ta sa hannu ɗaya ta riƙe, idon na sama. Can ta ce, ba da ni take ba, "Ya wuce tasharsa, kuma babu mai tashinsa."

Daga ranar ta tare a laburare duk lokacin hutun rana. Ta gano abin da ni ma na sani a sama-sama, cewa akwatunan kanti masu tsada suna zuwa da manhajar da ke hana zobe. Namu ne ba su da ita. Shawararta ita ce ta rubuta musu irin wannan da hannunta. Ta same ni a sito ina ware kebul, ta miƙo mini takardar.

"Ba na karantawa," na ce. "Faɗa mini da baki, kuma ki gajarta."

Ta gajarta. Akwatunan za su riƙa gaisawa da juna ba fashi. Ta cikin gaisuwar za su yarda da ɗaya a matsayin babba. Kowane akwati ya riƙe hanyar da ta fi kusa zuwa wurin babban, sauran hanyoyin a kwantar da su su yi barci. In gaisuwar maƙwabci ta ɗauke, an san hanyarsa ta mutu, sai a tashi mai barci ta karɓi aiki. Ko duk ginin ya soka ko-ta-kwana, zobe ba zai ƙullu ba.

"Da daɗin ji," na ce. "Na ji masu daɗin da suka fi wannan. Dakta fa?"

Dakta bai yarda zobe ne matsalar ba. A ganinsa akwatunan ne suka tsufa, maganinsu a zubar a sayo sababbi ranar da makaranta ta samu hali. Ya ce ta kawo hujja ranar kwamiti.

"To ki kawo," na ce, na koma kan aikina.

Washegari ta zo da takalmi mara tsini, ta ce in zagaya da ita in nuna mata inda kowane kebul ya nufa. Muka bi ginin sama da ƙasa. Da muka gama ta ce tunda manhajar ba ta wanzu ba tukuna, ita za ta zama manhajar.

Ta zaɓi akwatin laburare ya zama babba, don shi ne a tsakiyar gini. Hajiyar Laburare, mace mai jiki da son girma, ta gyara zaman mayafi ta ce dama ita ta daɗe da sanin haka. Akanta ya ji labari ya fito har baranda.

"Wato akwatin littattafan da ba mai karantawa shi ne babba, nawa da ke biyan ku albashi shi ne yaro?"

"Ranka ya daɗe, ba girman kujera ba ne," in ji Tafireta. "Kusanci ne. Kai a ƙurya kake."

"Ni ne a ƙurya?"

"Ofishinka, ranka ya daɗe."

Mijinta Tela ya ɗinka mata 'yan jakunkuna da ragowar ƙyallaye, kowace kamar yatsan safar hannu, da zaren zugewa a baki. Ta bi kowane ofis ta sa wa bakin ko-ta-kwana jaka ta ɗaure. "Yana barci," take cewa. "Don Allah kada a tashe shi. In layinku ya mutu, ni zan zo in tashe shi da kaina." Mutanen da na shekara ina yi wa faɗa ba su ji ba, sai ga su suna rage murya a kusa da kebul. Hajiya har takan ce wa ɗalibai su ja kujera a hankali.

Kullum da safe kafin ta zauna a teburinta sai ta zagaya, da rana ta sake. Ta leƙa ta yi sallama, ta ce, "An kwana lafiya? Layi lafiya?" ta kalli fitilu, ta wuce. Ina ganinta daga kan tsani tana tafiya a dogon barandan nan, ba sauri, yatsunta na shafa bango daidai inda kebul ya bi ta ciki, kamar tana jin motsinsa. Wata safiya ruwa ya yi yoyo a silin na ofishin jarrabawa ya kashe musu kebul na farko. Kafin su gama tsaki ta iso, ta kwance jakarsu, ta soka, layi ya dawo. Da na gyara na farkon ta zare ta mayar da shi barci. Makonni suka wuce ba a nemi Kawu Tsani don zobe ba. Na samu lokaci har na gyara ƙafar tsanina da ta daɗe tana rawa.

A nan ne abin ya juya mata. Ana saura 'yan kwanaki kwamiti ya zauna, Dakta ya tsayar da ita a matakala, ina bayansu da nadin kebul.

"Anti, na yarda. Zobe ne, kin nuna mana. Amma kin kuma nuna mana maganinsa: ƙyalle da gaisuwa. To manhajar ta mece ce? Abokan aikina za su tambaya, ni kuma ba ni da amsar da zan ba su."

Ya wuce. Ta tsaya riƙe da ƙarfen matakala.

Da yammacin ranar na kai wa Tela wandona da ƙusar silin ta yaga. Na same ta a cikin shagon a kan benci, ƙafafunta a cikin roba da ruwan ɗumi, sun kumbura. Tela na taka keke, tsinken allura a baki.

"Kawu, sannu da zuwa. Ka ga yadda kuka mayar mini da mata? Na auri mai buga rubutu, yanzu manhaja ce a gidana. Da safe sai ta gaida akwati kafin ta gaishe ni."

"Akwatin yana amsawa da wuri," in ji ta. "Kai sai ka sha shayi."

"Ka ji ko? Har mayar da magana ta koya a makarantar."

Ta yi murmushi kaɗan, idon ya tafi kan zaren da ke warwara daga kan keken. Ta ce jiya ta yi mafarki tana cikin kebul. Wai wani dogon lungu ne mai shuɗin haske, ƙofofi duk a buɗe, mutanen gininmu suna ta wucewa da gudu, kowa riƙe da takarda iri ɗaya, kowa na murmushi yana miƙa wa na gabansa. Tana ta cewa su tsaya an riga an karɓa, ba mai jin ta.

Tela ya tsayar da keken. "Uwar yara, in ya fi ƙarfinki ki bari. Dubi ƙafarki. Ba wanda zai ce kin gaza."

"Ni zan ce."

Na ga abin ya yi nauyi, sai na faɗi abin da ke raina. "Ki daina zagayen daga gobe. Ki kwance jakunkunan. Layin ya faɗi kafin ranar, su gani da idonsu."

Ta girgiza kai. "Ana shigar da sakamakon yara a makon nan, Kawu. Ba zan kashe wa mutane layi don in ci tawa jarrabawar ba."

"To me za ki gaya musu?"

"Ban sani ba tukuna."

Tela ya ɗinke wandona, na karɓa na tafi. A raina na riga na cire sunanta.

Ranar kwamiti aka ce duk masu kare takarda su hallara a ɗakin taro tun da sassafe, ba fita. Saboda haka ba ta yi zagaye ba. Ni aka sa in haɗa majigi, na haɗa na tsaya a bakin ƙofa ko za a buƙace ni. Yara suka yi nasu ɗaya bayan ɗaya. Da aka kira ta, ta miƙe cikin sabon ɗinkin da Tela ya yi mata, ta je gaban kwamfutar ɗakin don ta jawo zanen da ta shirya, wanda ke ajiye a kwamfutar ofishinta. Makon sakamako ne, kowa na kan layi. Zanen ya fara buɗewa kaɗan-kaɗan daga sama, ya tsaya a rabi.

Nauyi ne kawai. Da an yi haƙuri zai buɗe. Amma wata 'yar ajinsu da ta gama nata ta fita baranda ta ce wa masinja, "Zanen Mama ya ƙi buɗewa." Ban taɓa jan kebul mai saurin bakin masinjan nan ba.

Daga inda nake tsaye ina hango ƙofar Akanta. Na ga ya fito ya saurara, ya koma ciki da sauri. Na ji ƙofar ofishin jarrabawa ta buɗe, wani na cewa, "Tafireta ce? Kai, kwance namu!" A saman bene aka ja kujera. Na ɗaga kai na kalli akwatin da ke saman ƙofa. Fitilun suka ƙara saurin ƙyaftawa, suka ƙara, sannan suka ƙafe gaba ɗaya. Rabin zanen da ke jikin bango ya ɓace, ya bar farin haske.

Na sa hannu zan ɗauki tsani.

"Kawu, ɗan dakata," in ji ta.

Ba ta kalli kwamiti ba. Ta tako har bakin ƙofa ta ɗaga kai tana kallon fitilun, irin kallon nan nata.

"Anti," in ji Dakta, "muna jiran ki. Me ya faru?"

"Safiya ɗaya ce ban je gaisuwa ba, Dakta."

Wata malama a kwamitin, mai tabarau, ta ajiye biro. "Ki yi haƙuri, Mama, amma dole in tambaya. Shirya wannan aka yi?"

Kafin ta amsa sai ga Hajiyar Laburare ta turo kai ta gefena, tana haki, mayafi ya zame, 'yar jakar ƙyalle a hannunta.

"Ya buɗe? 'Yar uwa, ya buɗe? Na ara miki tawa. Na san kin ce kada a tashe shi, amma yau ai ranarki ce, ba zan zauna ina kallo ba."

A bayanta Akanta ne, shi ma da tasa jakar. "Ni na riga ta sokawa," ya ce. "A rubuta. Na ƙurya ne ya fara."

Wani a cikin ɗaliban ya fashe da dariya, ɗakin ya ɗauka. Dakta ya cire hula ya shafa kai. Tafireta ba ta yi dariya ba. Ta karɓi jakar daga hannun Hajiya ta ce ta gode, Allah ya bar zumunci. Sannan ta juyo ta fuskanci kwamiti, ba zane, ba takarda a hannu.

Ta ce ba za a iya hana mutanen ginin nan ara wa juna hanya ba, kuma ita ba ta ga dalilin da za a hana su ba. Ƙyalle yana aiki ne muddin akwai mai yawo a bayansa, ita kuma tana da ƙafa biyu ne kacal, tana zazzaɓi, tana zuwa suna da biki, wata rana za ta yi ritaya. Abin da take roƙo shi ne a ba ta dama ta koya wa akwatunan su yi wannan yawon da kansu, yadda kowa zai soka nasa ya ji ya taimaka, akwati kuma ya karɓa da godiya ya kwantar da shi.

Ba su sake ta da sauƙi ba. Mai tabarau ta tambaye ta yadda za a yi in akwati biyu kowanne ya ce shi ne babba. Ta amsa cewa kowanne yana da lamba, mai ƙaramar lamba ake bi, sauran su sauka. Dakta ya tambaye ta tsawon lokacin da layi zai yi a mace kafin mai barci ya farka, da abin da zai faru da saƙon da ke kan hanya a wannan tsakanin. Ta ce wannan ba ta sani ba, sai ta gwada. Ya ce ta taɓa rubuta manhajar da ta kai rabin wannan girma? Ta ce a'a.

Suka ce mu fita. Na tafi zare kebul, don layin ginin a tsaye yake. Ta bi ni, ofis-ofis, tana yi wa kowa godiya kafin in zare. Wasu har suna tambaya ko nasu ne ya fi taimakawa. Ta ce duka sun taimaka.

Da muka dawo Dakta na bakin ƙofa.

"Anti, mun karɓa. Amma ba ginin duka ba. Ba za mu ba ki layin makaranta ki koyi aiki a kansa ba. Akwatuna uku, a kan teburi, a ɗaki ɗaya. Ki haɗa su zobe da gangan, ki sa su kwance kansu. In sun yi a gabanmu, kin gama. In ba su yi ba, kin san ƙa'ida."

"Na sani, Dakta. Na gode."

"Kuma sashe ba shi da ɗakin da zai ba ki. Wannan ke za ki nema."

Ya tafi. Ta jingina da bango ta cire takalmi ɗaya, ta tsaya da ƙafa a kan siminti mai sanyi. Na zaci za ta yi kuka ko ta yi murna. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Kawu, ina zan sami akwatuna uku da ɗaki?"

Na sauka sito. Akwai matattun akwatuna a ƙarƙashin kanta, na zaɓi masu sauran numfashi, na hure musu ƙura, na canza wa ɗaya fanka. Teburin aikina dogo ne, shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ajiye ko kofi a kansa sai ni. Na kwashe filaya da kwalayen ƙusa na tura su gefe ɗaya, na goge rabin da ya rage. Na yanka gajerun kebul na matse musu kai. Na je ofishin jarrabawa na ɗauko kujera mai jingina, ban tambayi kowa ba.

Da la'asar ta leƙo, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon teburin.

"Daga nan zuwa nan naki ne," na ce. "Kada ki taɓa mini filaya. Mabuɗi yana saman ƙofa."

Ta shigo ta zauna. Ta ɗauki kebul ta haɗa akwati na farko da na biyu, na biyu da na uku. Ta riƙe kebul na ƙarshe, wanda zai rufe zoben, tana juya shi a hannu.

"In na soka yanzu za su haukace ko?"

"Za su haukace."

"To bari in ga yadda suke yi tun daga farko," ta ce, ta soka, ta jawo kujerar kusa.